Daga Achilafiya Zuwa Tashar Kano: Wa Ke Juya Akalar Jirgin Ƙasa?

Achilafiya gari ne a Ƙaramar Hukumar 'Yankwashi, cikin Masarautar Kazaure ta Jihar Jigawa, a bakin titin da ya taso daga Kazaure ya nufi Daura. Duk abin hawan da yaron wannan gari ya buɗe ido ya gani yana wucewa, wanda ke kansa ne ke juya shi. Direban tirela na da sitiyari, ɗan acaɓa na da kan babur, mai amalanken shanu na da igiya da tsawa, mai jaki kuma ɗan sandan da ke hannunsa ya ishe shi. To ga shi yanzu wani baƙon abin hawa na tafe wannan yanki, wanda ya fi su duka girma da nauyi, amma ko kun bincike gaban direbansa kaf ba za ku ga sitiyari ba. Jirgin ƙasa ke nan.

Tambayar da ta sa muka yi tafiyar wannan mako ita ce: idan layi ya rabu biyu, ɗaya ya yi Daura ɗaya ya shiga gefen tasha, wa ke zaɓa wa jirgi inda zai bi? Amsar tana kwance a ƙasa, cikin tsakuwa, a jikin wasu siraran ƙarafa biyu da motsinsu bai kai taƙi ɗaya ba. Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, don haka ku gyara zama, ɗalibai, mu kama hanya.

Yankin da dogo ya tsallake

Kafin mu tashi, ku ɗauko taswirar Najeriya ku dubi tsofaffin layukan dogo. Layin da ya taso daga kudu ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Daga Zariya wani reshe ya yi yamma ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga Kano kuma wani ya yi gabas ta Ringim da Malam Madori, ya tiƙe a Nguru a 1930. Ku dubi tsakanin waɗannan rassa biyu: Kazaure, Roni, Gwiwa, Ɓaɓura, Daura da Katsina duk suna cikin sararin da dogo bai taka ba. Shi ya sa a zamanin dalar gyaɗa, manomin wannan yanki sai ya ɗora amfanin gonarsa a bayan jaki ko raƙumi, daga baya a kan babbar mota, kafin ya kai inda jirgi zai ɗauka.

Sai bayan shekaru fiye da ɗari aka juyo ta kanmu. A ranar 9 ga Fabrairu, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, ya bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, ga kuma reshe daga Kano zuwa Dutse. Abu biyu nake so ku riƙe game da shi. Na farko, faɗin da ke tsakanin ƙarafansa milimita 1,435 ne, alhali na tsohon layi milimita 1,067 ne. Bambancin milimita 368 ya isa ya hana tsohon jirgi hawa sabon layi, ko da wace irin dabara. Na biyu, layi ɗaya tal aka tsara, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa za su bi. Ke nan jirgin da ya taso daga Kano da wanda ya taso daga Maraɗi dole su yi kiciɓis a wani wuri, kuma dole a sami inda ɗaya zai ratse gefe ya ba ɗan'uwansa hanya. Wannan ratsewa ita ce maganarmu.

A kan hanya

Daga Achilafiya mota ta miƙa da mu kudu. Dama da hagu gonakin gero da dawa ne, da wake da gyaɗa a tsakaninsu, ga itatuwan gawo da kuka jefi-jefi. Da an doshi Kazaure sai ƙasa ta fara sauya kama, duwatsu da tuddai su bayyana, ga ruwan dam a gefen gari. Wannan shi ne garin Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar wajen 1819. Ga mai mota, hawa da gangara abin wasa ne, ya sauya giya ya wuce. Jirgin ƙasa kuwa ba ya son tudu, domin ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare ta. Don haka duk inda kuka ga masu aikin dogo sun yanke tudu ko sun cike kwari da jar ƙasa, neman shimfiɗa suke yi wadda hawanta ba zai gagari jirgi mai taragu da yawa ba.

Daga Kazaure zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 80 ce, ta Ɗambatta. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa tana wajen badala, a ɓangaren da Turawa suka kafa kantuna da ɗakunan ajiyar kaya. Can muka nufa, domin a tsohuwar tasha komai a fili yake, ido na iya bin aikin daga hannun mutum har zuwa ƙarfen da ya motsa. Gargaɗi ɗaya tun yanzu: filin tasha ba wurin yawo ba ne. Duk makarantar da ke son kai ziyara, ta nemi izinin hukumar tashar, a haɗa ta da ma'aikacin da zai yi mata jagora.

Ƙarafa biyu masu motsi

Mu fara da ƙafar jirgi. Kowace ƙafa tana da leɓe a gefenta na ciki, wanda ke sauka ƙasa da saman ƙarfen dogo. Ƙafar dama da ta hagu kuma a kafe suke a jikin sandar ƙarfe ɗaya, tare suke juyawa. Waɗannan leɓɓa biyu su ke riƙe jirgi a tsakanin ƙarafa biyu, duk inda ƙarfe ya karkata nan za su bi. Aikin direba shi ne ya tashi, ya ƙara gudu, ya rage, ya tsaya, ya kuma yi biyayya ga sigina. Zaɓen hanya na wanda ke ƙasa ne.

Wurin da layi ɗaya ke rabuwa biyu, bari mu kira shi makarkata. Idan kun tsaya a gefe kun dube ta da kyau, za ku ga sassa huɗu. Akwai ƙarafan waje guda biyu, kafaffu, ba sa motsi. A cikinsu akwai wasu biyu da aka fiƙe bakinsu har ya yi siriri kamar bakin wuƙa. Su ne harsunan makarkata. An ɗaure su da sanduna a tsakani don su riƙa motsi tare, ta yadda idan ɗaya ya manne da ƙarfen gefensa, ɗayan ya buɗe tazara. Leɓen ƙafa na shigewa ta ɓangaren da ke buɗe, ɓangaren da ya manne kuma ya ɗauki ɗaya ƙafar ya karkatar da ita. Da an tura harsunan ɗaya gefen, hanya ta sauya.

Gaba kaɗan akwai inda ƙarfen wannan hanya ya gitta na waccan. Dole a bar 'yar kafa a nan don leɓen ƙafa ya wuce. Masu magana da Ingilishi kan kira wannan mahaɗa kwaɗo, Faransawa kuma su ce zuciya, harsunan nan kuma su kira su allurai. Ku riƙe wannan, domin ma'aikatan da za mu haɗu da su a ɓangaren Nijar da Faransanci suka yi karatu. Sashe na huɗu shi ne wasu gajerun ƙarafa da ke daura da mahaɗar, masu tallafe ɗaya ƙafar daga ciki don kada wadda ke tsallaka kafar ta kauce ta bi hanyar da ba tata ba.

A tsohon fili irin na Kano, hannu ke wannan aiki. Akwai liba a gefen layi mai dunƙulen ƙarfe a jikinta. Idan aka jefa ta ɗaya gefen, nauyin dunƙulen ke danne harshen a inda aka kai shi. Wani dattijo da ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya ya tsaya yana kallon yadda nake leƙen wurin. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ashe dai aikin ba wuya, jan liba ne kawai." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, jan liba ko ɗan goye ya iya. Aikin shi ne ka sunkuya ka gani da idonka cewa bakin ƙarfen ya manne, sannan ka ɗaga wa direba tuta."

Maganar dattijon nan ita ce gaba ɗayan ilimin. Idan jirgi ya tunkari makarkata ta wajen tsinin harsunan, kuma harshe bai manne sosai ba, leɓen ƙafa na iya kutsawa ta 'yar tazarar. Sai ƙafafun gaba su bi dama, na baya su bi hagu, tarago ya sauka daga kan layi. Tazarar da ke jawo haka milimita kaɗan ce, tsakuwa ɗaya ta isa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Motsawa, kullewa, tabbatarwa

Saboda haka masu harkar dogo a duniya suka tsaya a kan matakai uku. A motsa harshe zuwa inda ake so. A kulle shi, don girgizar jirgi kada ta buɗe shi. A tabbatar cewa ya kai kuma ya kullu. Sai an cika ukun nan sigina ke ba direba izinin wucewa.

Da farko duk wannan ya dogara ne ga hankalin mutum, shi kuwa mutum yakan gaji, yakan manta, yakan yi gyangyaɗi. A 1856 wani Bature a Ingila mai suna John Saxby ya yi rajistar wata dabara ta sarƙe libobin sigina da na makarkatu. An jera libobin a ɗaki ɗaya, a ƙarƙashinsu akwai sanduna masu tsaga da ke shiga juna. Libar da ke buɗe sigina ba za ta jawu ba sai libar makarkata na daidai wurinta. Idan kuma sigina ta buɗe, libar makarkata ta kafe ke nan har sai an mayar da sigina. Ko ma'aikaci ya so yin kuskure, ƙarfe ba zai bar shi ba. A 1889 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba hukuma ikon tilasta wa kamfanonin jiragen fasinja yin amfani da wannan tsari.

Saura sanin ko akwai jirgi a kan layi. Nan darasinku na kimiyyar lantarki zai yi amfani. A 1872 wani Ba'amurke, William Robinson, ya fito da dabarar sa ƙarafan dogo su zama waya. Ana raba layi gunduwa-gunduwa. A kowace gunduwa batir na tura 'yar wuta ta ƙarfe ɗaya, ta je ƙarshe ta ratsa wani makunni mai maganaɗisu, ta dawo ta ɗaya ƙarfen. Muddin wutar na zagayawa, maganaɗisun na riƙe da makunnin, alamar layi a sarari yake. Da jirgi ya hau gunduwar, ƙafafunsa da sandar da ta haɗa su sun zama gajeriyar hanya, wuta ta bi ta nan ta koma, maganaɗisu ya saki, sigina ta koma ja, makarkatar da ke wurin kuma ta ƙi motsi har jirgin ya wuce.

Ku lura da hikimar da ke ciki. Idan waya ta tsinke, ko batir ya mutu, ko ƙarfen dogo ya karye, wuta za ta daina zagayawa, sigina kuma ta koma ja. Kowace irin lalacewa tsayar da jirgi take yi. Haka ma dokar direbobi: siginar da ta mutu, ba ja ba kore, ana ɗaukarta a matsayin umarnin tsayawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A sababbin layuka masu faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a watan Yulin 2016 tsakanin Idu da Rigasa, injin lantarki da ke cikin akwati a gefen layi ne ke tura harsunan ya kulle su, ya kuma aika da sako ɗakin kula da zirga-zirga cewa sun kai. Ma'aikaci na zaune gaban allo yana ganin komai. Layuka da yawa na zamani ma ƙirga ƙafafu suke yi: na'ura ta ƙirga nawa suka shiga gunduwa, wata ta ƙirga nawa suka fita, idan lissafi bai zo daidai ba layi na nan a rufe. Kayan aiki sun sauya, amma matakan nan uku suna nan yadda suke.

Duk da haka na'ura ba ta ɗauke wa mutum kulawa. A ranar 10 ga Mayu, 2002, wani jirgin fasinja ya sauka daga layi a kan makarkata a garin Potters Bar da ke arewa da Landan, mutum bakwai suka rasu. Bincike ya gano cewa notunan da ke riƙe sandunan da suka ɗaure harsunan sun kwance, harshe ya motsa jirgi na kansa. Ƙasar da ta koya wa duniya aikin dogo ke nan, noti ya yi mata wannan ɓarna.

Abokan gabar makarkata a ƙasarmu

A Turai babban abokin gaba ƙanƙara ce, har sukan sa wa makarkatu abin ɗumama ƙarfe don ta narke. Mu namu daban ne. Na farko ƙura da rairayi. Harsunan suna zamewa ne a kan faranta da ake shafa wa giris, idan iskar hunturu ta kwaso rairayi ta zuba a kai, giris da rairayi su zama abin da ke cin ƙarfe, harshe ya yi nauyi ko ya tsaya bai kai ba. Shi ya sa tsintsiya da buroshi ke cikin manyan kayan aikin mai kula da makarkata.

Na biyu zafi. Ƙarfe na miƙewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce. Ƙarfen dogo mai tsawon mita 100 yana ƙaruwa da kimanin milimita 1.15 a duk digiri ɗaya. Ku yi lissafi: idan tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin da ƙarfe ke ɗauka da azahar a bazara akwai digiri 30, ƙarin ya kusa santimita uku da rabi. A wurin da ake auna daidaito da milimita, wannan abu ne babba, kuma dole injiniya ya sa shi cikin lissafinsa tun wajen ɗaure ƙarfe.

Na uku ruwan damina, mai zaizaye tsakuwar da ke riƙe da layi. Na huɗu kuwa, kuma mafi muni, hannun mutum: mai kwance noti ko yanke waya ya kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa, da yaron da ke cusa dutse a tsakanin ƙarafa don wasa.

Ƙaramin jirgi a kan tebur

Ba sai kun jira jirgin Maraɗi ba kafin ku gwada wannan ilimi. A ƙasashe da yawa akwai masu sha'awar haɗa ƙananan jiragen ƙasa a kan tebur, yara da manya. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne kashi ɗaya cikin 87 na jirgin gaske. Ku raba 1,435 da 87, za ku sami kusan 16.5, kuma faɗin layinsu ke nan a milimita. A birnin Hambug na Jamus akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Tsawon ƙananan layukan da ke ciki ya haura kilomita 15, makarkatunsa kuma dubbai ne, kwamfuta ke juya su.

Masu wannan sha'awa suna da ciwon kai guda da jirgin gaske ba shi da shi. Ƙaramin jirgi daga ƙarafan layi yake shan wuta, ƙarfe ɗaya na kawowa ɗaya na mayarwa. A mahaɗar nan da ake kira kwaɗo, ƙarfen dama na wata hanya ne ke haɗuwa da ƙarfen hagu na ɗaya hanyar, wato mai kawowa ya taɓa mai mayarwa. Idan aka bar su haka wuta za ta haɗu, komai ya tsaya. Wasu sukan yi mahaɗar da roba, amma sai ɗan gajeren jirgi ya hau wurin ya rasa wuta ya mace. Maganin da ya fi inganci shi ne a yanke 'yar tsaga a ƙarafan da ke kewaye da mahaɗar don ta zama tsibiri, a ba ta wayarta ta kanta, a bi da wayar ta makunnin da ke motsi tare da harsunan. Duk lokacin da aka sauya hanya, wutar mahaɗar ma ta sauya ta dace da hanyar. Sun kuma koyi kada su dogara da mannewar harshe kaɗai wajen isar da wuta, domin ƙura na shiga tsakani. Kowane guntun ƙarfe sai an sa masa waya.

Mu da muka tashi muna ƙera mota da karan dawa da gwangwani, wannan ba zai gagare mu ba. Ku nemi faffaɗan katako ko kwali mai kauri, da siraran sanduna da za su zama layi, da sifok ɗin keke, da ƙusoshi biyu, da waya, da batir biyu na tocila, da ƙananan ƙwayayen tocila biyu. Ku zana layi mai rabuwa biyu, ku kafe sandunan waje. Harsunan biyu ku fiƙe bakinsu, ku kafe gindinsu da ƙusa yadda za su iya juyawa, ku ɗaure bakunansu da sifok ya leƙo waje ta kowane gefe. Ku kafa ƙusa ɗaya a dama ɗaya a hagu, daidai inda kan sifok ɗin zai taɓa idan harshe ya manne sarai. Waya daga kan batir ta je jikin sifok. Daga kowace ƙusa waya ta je ƙwai ɗaya, daga ƙwayayen kuma ta koma gindin batir. Idan ƙwan na zamani ne mai ƙafa biyu, doguwar ƙafar ce ke fuskantar wajen ƙusa. Ku rufe ƙwai ɗaya da koriyar leda, ɗaya da rawaya.

Yanzu ku tura sifok. Ya kai dama, kore ya kama: hanya ta miƙe. Ya kai hagu, rawaya ya kama: hanya ta ratse. Ya tsaya a tsakiya, babu wanda zai kama, kuma kun riga kun san hukuncin siginar da ta mutu. Masu son ƙari su yi libobi biyu na katako, ɗaya ta harshe ɗaya ta sigina, su yanke tsaga a jikin ta harshe yadda ta sigina ba za ta shige ba sai harshe ya kai ƙarshe. Kun maimaita aikin Saxby ke nan a ajinku. Batir kaɗai za ku yi amfani da shi. Kada wanda ya kusanci wutar gida da wannan gwaji.

Abin da ya rage gare mu

Ranar da jirgi ya fara ratsa ƙasar Kazaure, rayuwar ƙauyukan da ke kusa da layi za ta sauya, kuma ku ne za ku wayar da kan na gida. Jirgi mai gudu ba ya tsayawa nan take. Bayan direba ya taka birki yakan yi ɗaruruwan mitoci, mai kaya da nauyi ma fiye da kilomita ɗaya, kuma kun san ba shi da sitiyarin kaucewa. A tsallaka da dabbobi ta inda aka tanada kawai. Kada kowa ya zauna ko ya yi shanya a kan layi. Kada a taɓa sa ƙafa ko hannu a tsakanin harshe da ƙarfen gefe, domin wanda ke juya shi na iya kasancewa a ɗaki mai nisa, ba ya ganinku, injin kuma ba ya jin kuka. Wanda ya ga ana kwance wani abu a jikin layi ya sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro, domin fasinjan da ke cikin jirgin na iya zama mahaifiyarsa.

Sannan akwai maganar aiki. Kowace makarkata da za a dasa tsakanin Kano da Maraɗi tana buƙatar mai share ta, mai auna ta, mai gyara injinta da mai lura da wayoyinta, shekara da shekaru bayan 'yan kwangila sun naɗe kayansu. Wuraren koyo kuma suna kusa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya a Zariya. Ɗan Achilafiya na zaune ne tsakanin biyun farko, titi ɗaya ya haɗa su. Ƙofar shiga ita ce lissafi, kimiyyar lantarki da zanen fasaha, ga mata da maza baki ɗaya.

Idan kun gama haɗa taku makarkatar, ga jarrabawar da za ku yi mata kafin ku nuna wa malamin kimiyya. Ku sa ƙwayar gero ɗaya tsakanin harshe da sandar gefe, ku tura sifok. Idan ƙwai ya ƙi kamawa, aikinku ya yi. Idan ya kama alhali gero na tsakani, makarkatarku ta yi wa direba ƙarya. Ku matsar da ƙusar baya kaɗan, ku sake gwadawa.